Minti Huɗun da Aka Yanke wa Mai Gyaran Waya

Akwai wani mai gyaran waya da kowa a layinsu ke kira Injiniya. Ranar Talata, tara ga watan Janairu, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka fara cutarsa. Wanda ya cuce shi kuwa da sallama ya shigo, da dariya, har da rungume shi.

Shagon Injiniya ɗan ƙarami ne, yana tsakanin shagon wani tela da na mai sayar da fenti. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin ƙara girma, ƙananan sukudireba a jere, sai durowa mai gida shida inda wayoyin mutane ke kwana. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki. Duk wanda ya kawo waya sai ya faɗi lambar buɗe ta, Injiniya ya rubuta a 'yar takarda ya manna a bayanta, domin sai ya buɗe zai san ko lasifika na magana, ko kyamara na gani. Matan aure, 'yan kasuwa, masu neman aure, kowa miƙa masa sirrinsa yake yi ya juya ya tafi harkarsa. A shekarun nan goma sha huɗu babu wanda ya taɓa jin maganarsa a bakin wani.

Ku riƙe wannan da kyau, jama'a, domin shi ne dukan jarin mutumin.

Baƙon da ya shigo abokinsa ne tun firamare. Benci ɗaya suka zauna shekara shida. Yanzu ana kiransa Darakta, saboda yana shirya finafinai yana sakawa a intanet.

"Mutumina, har yanzu kana nan kana yi wa wayoyi tiyata?"

"To ni ina na iya sa mutane kukan ƙarya irinku?" in ji Injiniya. "Jawo kujera, amma ka bi ta a hankali, ƙafarta ɗaya ta tsufa."

Darakta ya zauna, ya ce fim na 'yan leƙen asiri zai yi. Aminai biyu ne suna yi wa hukuma ɗaya aiki a ɓoye, ɗaya ana ce masa Shaho, ɗaya Jemage. Shi Darakta zai fito a Shaho. Jemage kuwa ɓoye kansa yake yi a matsayin mai gyaran waya.

"Na duba duk 'yan wasan da na sani, babu wanda ya iya riƙe sukudireba. Kai nake so. Shagonka ma nake so."

Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa. "Jemagen nan mutumin kirki ne ko mugu?"

"Ai nan daɗin yake. Abokan gaba za su zo su saye shi. Za a ga ya kwashe duk abin da ke wayar Shaho ya zuba a katin memori ya ba su. Kowa zai tsine masa. Sai a fitowar ƙarshe a gane katin bogi ya ba su, tarko ya ɗana musu, har ya tare wa Shaho harsashi da ƙirjinsa. Ni zan durƙusa a kanka ina kuka ina neman gafara don na zarge ka. Wallahi kai ne zuciyar fim ɗin."

Tela, wanda kunnensa kullum rabi a shagonsa rabi a na Injiniya, ya leƙo da igiyar awo a wuya. "Karɓi mana! Ni ma a sa ni a gawa, na iya kwanciya."

Aka yi dariya. Injiniya ya amince. Ba a rubuta komai ba, ba a sa hannu a komai ba. Wa zai nemi takarda daga mutumin da suka sha bulala tare?

Kwana tara aka yi ana ɗauka. A rana ta uku aka zo fitowar da Jemage zai kwashe wayar Shaho. Darakta ya ce ya danna-danna kawai, masu kallo ba za su gane ba.

Nan Injiniya ya yi kuskuren da sai mai son sana'arsa ne zai yi shi.

"A'a," ya ce. "Masu gyara 'yan uwana za su kalla. Ba zan yi aikin wasa a gaban kyamara su yi mini dariya ba. Matso da ita kusa ka ga yadda ake yi."

Ya jona wayar da kwamfutarsa, ya buɗe, ya nuna hotuna da saƙonni suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya zare katin ya naɗe a takarda. Mai kyamara ya ja da baya ya ɗauko har allon shagon, da lambar wayarsa ta gaskiya a jiki. Babu wanda ya ce a rufe allon, shi ma bai tuna ba.

A rana ta tara aka ɗauki fitowar ƙarshe a wani kangon gini. Injiniya ya kwanta a ƙasa da jan ruwa a rigarsa, ya faɗi maganarsa a hankali kamar yadda yake yi wa mai waya bayani idan wayarsa ba za ta tashi ba. Da Darakta ya ce a tsaya, duk ma'aikatan suka ɗauki tafi. Mai riƙe fitila har da share ido. Tsawon fitowar minti huɗu ne da daƙiƙa goma sha biyu.

An saki fim ɗin ranar Juma'a, uku ga watan Mayu, da yamma. Injiniya ya rufe shago da wuri. Matarsa ta shimfiɗa tabarma a falo, yayarsa ta zo da 'ya'yanta, Tela ya zo da kujerarsa a ka. Da aka iso inda Jemage ya miƙa katin, yayar ta dafe ƙirji.

"Ƙanina! Kai ne da wannan mugun hali?"

"Yaya, ki dai jira ƙarshe," ya ce yana murmushi.

Suka jira. Aka ga an kama Jemage an tura shi cikin mota. Aka ga Shaho shi kaɗai a tsaye a ƙofar shagon, allon a saman kansa. Ya dubi kyamara ya ce, "Ko mai gyara maka waya, kada ka yarda da shi." Sai sunaye suka fara hawa.

Babu kango, babu harsashi, babu neman gafara.

"Ko wayar ce ta tsallake?" in ji matarsa.

Injiniya ya mayar baya ya sake kalla. Ya sake mayarwa. Tela, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗauki kujerarsa ya fita ko sai da safe bai ce ba.

Washegari Injiniya ya tafi ofishin Darakta, ɗaki ɗaya a saman bene, da hoton Shaho ya cika bango.

"Ina ƙarshen fim ɗin?"

"Zauna mana, mutumina. Fim ya yi tsawo, dole aka rage."

"Fim ɗin awa biyu ne saura minti shida. Akwai inda ka yi minti bakwai kana tuƙa mota kana gyara tabarau. Nawa minti huɗun ne suka yi nauyi?"

"Kai ba ka san harkar nan ba. Mutane sun fi son a ci amana, shi ke sa su yi ta magana. Kuma fim ne fa! Wa zai ɗauke shi gaskiya?"

"Da allona a ciki? Da lambata?"

"Talla na yi maka kyauta, ko godiya babu."

"To ba ni fitowar in saka da kaina."

Darakta ya dubi wayarsa. "An goge. Ba mu ajiye abin da ba mu yi amfani da shi ba."

A kan matakala Injiniya ya haɗu da mai tace fim ɗin, wani mutum mai sanyin murya. Ya waiga sama, ya rage murya. "Yallaɓai, ni ba ruwana, umarni aka ba ni. Ranar da muka kalla a ofis kowa cewa yake Jemage ya cinye fim, ba wanda ya ambaci Shaho. Da safe ya ce in cire. Don Allah kada ka ce ni na faɗa, da iyali nake."

Wannan ba kuskure ba ne, jama'a, kada wani ya kira shi haka. Mai kuskure bai san ya yi ba sai an nuna masa. Wannan mutum zama ya yi, ya kwana da abin a ransa, ya tashi ya ba da umarni.

Da abin ya tsaya a fim, da sauƙi. Cikin mako guda wani ya yanko daƙiƙa arba'in daga ciki: hannun Injiniya, wayar a jone, hotuna suna wucewa, allon shago. Babu Shaho, babu kiɗa, babu abin da zai nuna fim ne. Aka rubuta a sama, "Ku ga abin da masu gyaran waya ke yi mana." Ya shiga zaurukan hira na mata a waya, ya shiga na 'yan kasuwa, ya shiga na tsofaffin ɗalibai. Masu turawa ba su taɓa jin sunan fim ɗin ba.

Wayarsa ta fara ƙara. Wani ya zage shi ya kashe. Wata ta kira tana kuka, ta ce bara ta kawo masa waya, don girman Allah kada ya fitar da hotunanta. Wani kuwa, wanda ya fi ƙona masa rai, ya kira cikin ladabi ya ce yana da aiki: wayar matarsa yake so a kwashe masa.

Wata malamar asibiti da ta shekara tara tana kawo masa gyara ta zo karɓar wayarta tun bai taɓa ta ba.

"Ba a gama ba, Malama. Gobe in sha Allah."

"Bar shi kawai, na fasa."

"Malama, fim ne. Kin san ni."

"Na san fim ne," ta ce, ba ta dube shi ba. "Amma yadda hannunka ya iya abin nan, Injiniya, ba ranar ka fara ba."

Me zai ce? Ya iya ɗin. Kowane mai gyara ya iya. Ta ina mutum zai nuna abin da bai taɓa yi ba?

Ya rubuta bayani a shafinsa, mutum goma sha ɗaya suka karanta. Ya manna takarda a ƙofa cewa abin da aka gani wasan kwaikwayo ne, wani ya zana jemage a kai. Ya sauke allon, aka ce ya ji kunya ne. Ya mayar, aka ce ba shi da kunya. 'Yan layin suka daina ce masa Injiniya. "Jemage, an tashi lafiya?" Wasu da wasa suke faɗa, amma ko masu wasan in za su wuce sai su tura waya cikin aljihu.

Durowa mai gida shida ta koma gida ɗaya, shi ma wayar Tela ce a ciki, wadda lafiyarta ƙalau.

"Duba mini ita dai," in ji Tela. "Ina jin kamar tana tari."

Wata rana da hantsi Injiniya ya hango yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana fitowa daga shagon wani mai gyara a tsallaken titi. Suka haɗa ido. Ta tsallako tana gyara mayafi.

"Ƙanina, kada ka ɗauka da wata manufa. Babansu ne ya ce... ka san maza."

"Ba komai, Yaya. Ya yi miki aiki mai kyau?"

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zauna kusa da shi. "Maigida, ka kai shi ƙara mana."

"In ce me? Ni na yarda, ni na buɗe shagon, ni na ce a matso da kyamara. Takarda babu. Shaida ɗaya ce, shi ma yana tsoron rasa aikinsa."

Ya kira Darakta sau goma sha tara a cikin wata biyu. Sau biyu aka ɗauka. Na farko ya ce yana taro. Na biyu ya ce, "Mutumina, ka cika ƙorafi. Jama'a za su manta."

Ranar Litinin, goma sha biyar ga watan Yuli, bayan azahar, wata mata ta tsaya a ƙofar shagon tana waige-waige. Matar Darakta ce. Ta gaishe shi da sunan da aka daina kiransa da shi, ta zaro waya daga jaka a naɗe cikin hankici.

"Ta abokinka ce. Ta faɗa bokitin wanki. Mun kai wa mutum uku, kowa ya ce ta mutu. Kwana huɗu ba ya cin abinci, duk ayyukansa suna ciki. Bai san na zo nan ba."

Injiniya ya karɓa yana juya ta.

Ta faɗi lambar buɗewa. Ya rubuta ya manna, yadda ya saba. Ta kai ƙofa, ta dawo.

"Ba a goge ba," ta ce. "Waccan fitowar taka. Tana ciki, na gan ta da idona. Ni dai gyara na kawo, ban ce ka yi komai ba."

Tana fita Tela ya faɗo shagon, almakashi a hannu.

"Na ji komai! Allah Ya kawo maka har gida. Tashe ta, ka kwafi minti huɗunka, kafin magariba duniya ta gani."

"Wayar mutum ce."

"Fuskarka ce a ciki! Jininka ne, ko da na kanti ne! Kayanka za ka ɗauka."

Injiniya ya kunna fitila, ya buɗe bayan wayar. Ruwa ya ci wurare uku. Ya wanke da burushi, ya busar, ya ciro wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya sauya shi. Ranar bai gama ba.

Da ya gaya wa matarsa, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Wata biyu ina kallonka kana ramewa. Maƙwabta sun daina ba ni aron caja, kai ka san wannan? Idan kai waliyyi ne, ni ba waliyyiya ba ce. Ba ni wayar in tura da kaina."

"In na yi, me na zama?"

"Mutumin da ya wanke kansa."

"Da me na wanke? Za a tambaya a ina na samu. In ce an kawo mini gyara, na buɗe na kwasa. Kin ga bidiyon nan na daƙiƙa arba'in ya zama gaskiya ke nan."

"Ka ce wani ne ya turo maka."

"Ni zan sani."

Ta juya masa baya tana share hawaye da gefen zane. Bai ga laifinta ba. Shi ma bai tabbata ba wauta yake yi ba.

Talata da ƙarfe goma da rabi wayar ta kawo haske. Ta tsaya tana neman lamba. Lambar tana manne a bayanta, da rubutun hannunsa. Kwamfutarsa a kunne, igiyar jonawa a gefen gwiwar hannunsa. Tela yana tsaye a kansa.

Injiniya ya daɗe yana kallon hasken nan. Ya ɗauki igiyar. Ya ajiye. Sannan ya ɓare takardar, ya yayyaga ta ƙanana, ya kira matar Darakta ya ce ta zo ta buɗe da hannunta, ya gwada lasifika da kyamara a gabanta.

Da ta zo ta ga wayar a kulle, ta dube shi. "Ba ka...?"

"Ki ce masa ta tashi, komai nasa yana nan. Ki ce masa abokinsa na benci yana roƙonsa ya saki minti huɗun nan da hannunsa. Shi ke nan saƙona."

Bayan ta tafi Tela ya zauna a kujerar nan mai tsohuwar ƙafa, ya riƙe kai.

"Yanzu wa zai san ba ka buɗe ba?"

"Ba kowa."

"To me ka samu?"

Injiniya ya kashe fitilar tebur. "Ban sani ba, Tela. Wallahi ban sani ba."

Kun san abin da Darakta ya fara yi da wayar ta koma hannunsa? Matarsa da kanta ta faɗa. Bai tambayi yadda aka tashe ta ba. Bai tambayi lafiyar abokinsa ba. Lambar buɗewa ya sauya nan take, sannan ya ce, "Me da me ya kwasa?"

Yau kwana ashirin da uku ke nan da mayar da wayar. Injiniya yana buɗe shago ƙarfe takwas, ya share, ya jera sukudireba, ya zauna. Jiya mutum ɗaya ya shigo, hanya ya tambaya.

Saboda haka, Darakta, da kai ake. Saƙon waya ba zai wadatar ba, aiken matarka ma haka. A bainar jama'a ka ɓata shi, a bainar jama'a za ka gyara. Ka saki fitowar nan cikakkiya, minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu, ba a rage ko ɗaya ba, a shafin da ka saki fim ɗin. Ka zo ƙofar shagon da rana tsaka, da kyamarar da ka ɗauki allonsa, ka faɗi da bakinka cewa kai ka yanke, ka faɗi dalilin da ya sa ka yanke, ka nemi gafararsa. Ka iya durƙusawa a gabansa lokacin da ake ɗauka. Yanzu ma ƙafafun nan ne a jikinka.

Darasi: Sunan mutumin kirki ba kayan wasan kowa ba ne, kuma wanda ya ɓata shi a gaban jama'a bai gama tuba ba sai ya wanke shi a gaban jama'a. Mai amana na gaskiya shi ne wanda ya riƙe ta a ranar da sakinta ne kaɗai zai cece shi. Ku kuma da kuka tura daƙiƙa arba'in ba ku tambayi daga ina suka fito ba, kuna da hannu a ciki. Ku tura wannan labari duk zauren da kuka tura wancan bidiyon, har ya isa ga wanda ake jira ya fito ya ba da haƙuri.